Layin da Ya Ƙi Kwanciya

Talata, 1 ga Afrilu

Yau ma a tsakar gida baban yara ya kwana. Na daina ƙirgawa.

Da safe na kai masa shayi, na tarar ya naɗe tabarma ya tsuguna, tafin hannunsa ɗaya shimfiɗe a ƙasa kamar mai taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Tana yi." Na miƙa masa kofin, na ce ya duba, shayin ko rawa bai yi ba. Ya ce ai kofi ba ya ji.

Girgizar ƙasar nan fa ba ta kai ta kawo ba. Mu a makaranta kwalaben ɗakin gwaji ne kawai suka yi ƙara a kan kanta, har na ɗauka babbar mota ce ta wuce. Amma tsohon benen da shagonsa na ɗinki yake a ƙasansa, shi ya zauna gaba ɗaya. Tun hantsi har bayan la'asar yana ƙarƙashi, teburin yanka ne ya tare masa kankare. Mai-surfani, wanda suka raba shagon da shi tun kafin aurenmu, yana gefensa. Suna ta magana a cikin duhun har Mai-surfani ya daina amsawa. Shi baban yara ƙwarzane ya samu da targaɗe. Kowa ya zo sai ya ce ya yi sa'a.

Tun daga ranar bai ƙara shiga ƙarƙashin rufi ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Asibiti. A waje likitar ta duba shi, kan bencin masu jira, don ya ƙi shiga. Kunne lafiya, jini lafiya. Ta ce abin a zuciya yake, ta rubuta ƙwayoyi. A hanya ya ce da ni, "A zuciya. To a zuciyar wa benen ya faɗo?"



Litinin, 7 ga Afrilu

Malamin fiziks ya nuna min wani abu a wayarsa lokacin hutun tara. Wai akwai mutanen da suke haɗa na'urar auna motsin ƙasa a gidajensu, don sha'awa kawai. Na karɓi wayar na ƙi mayar masa har aka kaɗa ƙararrawa.

Yadda na fahimta: sanda doguwa mai nauyi a baki, a rataye kamar ƙyauren da ke lilo a kan hinjinsa. In ƙasa ta motsa, gindin na'urar ya bi ta, nauyin kuma ya tsaya inda yake. Sai abin da zai ji wannan ɗan bambancin. Naɗin waya uku a kan bututu ɗaya, koyil dai irin na cikin fanka amma ƙanana. Na tsakiya a ba shi wuta mai kaɗawa da sauri, na gefe biyu su saurara. Baƙar sandar nan ta cikin tsohuwar rediyo ita ke shiga cikin bututun, a maƙale da lilon. In tana tsakiya daidai, na gefen biyu suna ji ɗaya, sai su kashe juna, shiru. In ta gusa ko da kaurin gashi ne, ɗaya ya fi ɗaya ji. Sakit, wato allon haɗin lantarki, ya ƙara ƙarfin abin, kwamfuta ta zana shi.

Ƙasa na zaune, layi a kwance. Shi ke nan abin da nake so. In ajiye masa a gabansa, in ce kalli, Malam. Bakina ya gaji da cewa babu komai, wataƙila ya yarda da ƙarfe.

Ni da aikina wanke kwalabe da gyara mitocin da ɗalibai suka ƙona. Amma na iya riƙe ƙarfen dalma. Za a gani.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na je wurin Baba mai naɗi, tsohon da ke gyara fankoki a bayan tasha. Rumfarsa warin waya ƙonanniya kawai. Na ce ina son waya mafi siranta da yake da ita. Ya ce ta me? Na faɗa masa.

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Ƙasa za ki auna? 'Yata, ni ɗan haya ne, ko taki ɗaya ba ni da shi a cikinta. In kin auno ki yanko min."

Na yi dariya, rabon da in yi na manta. Da na gaya masa dalili sai ya shiga ciki ya ɗauko min wani ƙullin waya ja, siririya kamar gashin jariri. Ya ce kar in ja ta, in bar ta ta bi hannuna. Ya ce in kankare fentin bakinta a hankali kafin in sa dalma, in ba haka ba ba za ta kama ba. Ya ƙara min da mushen rediyo guda.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Naɗi da hannu ba zai yiwu ba, zagaye ɗaruruwa ne, kuma sai an jera su kusa da kusa. Sai na tuna da keken ɗinkinsa na gida, wanda ke lulluɓe a falo. Na yanka bututun biro, na soka shi a abin naɗa zaren nan na gefe, na fara takawa.

Ban yi tunanin ƙarar ba. Tun ranar ba a taɓa keken ba.

Ina ɗaga kai na gan shi a bakin ƙofa. Yatsun ƙafarsa daidai kan dokin ƙofa, bai tsallako ba. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Malama, kina takawa kamar mai gudun kare. Za ta tsinke."

Na ce to ya zo ya nuna min.

Ya dubi silin. Ya koma wurin tabarmarsa.

Ta tsinke kuwa.

Talata, 15 ga Afrilu

Ta sake tsinkewa. Saura kaɗan in gama na uku.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na gama uku. Na gwada a makaranta bayan an tashi. Ko na sa sandar a tsakiya, allurar mita sai ta kwanta gefe guda. Na gefen biyu ba su zo ɗaya ba. Ina cikin naɗa na hagu ne Auta ta fasa faranti, na rikice da lissafi, na ci gaba a kan zato. Ga sakamakon zato.

Sai an warware. Wayar da aka warware kuma ba ta sake naɗuwa da kyau, duk ta lanƙwashe.

Na zauna a ɗakin gwajin nan ni kaɗai ina kallon abin. Mace da 'ya'ya biyu da miji a tsakar gida, tana wasa da bututun biro.

Talata, 22 ga Afrilu

Yaya ya zo, babban wansa. A waje suka zauna, dole. Na ji yana ce masa, "Kai fa namiji ne, yara na kallonka." Shi dai kansa a ƙasa, yana tsinkar zaren bakin tabarma.

Da zai tafi ya kira ni zaure. Ya ce ya yi magana da Inna, mahaifiyarsu. Kafin ruwa ya zauna zai zo ya ɗauke shi ya kai shi can gida wurinta. Akwai fili, akwai rumfa mai rufin kwano marar nauyi, ba bene ko ɗaya a garin. Na ce a ba ni lokaci, ina haɗa wani abu. Ya ce ya ji labari.

"Ba raina ƙoƙarinki na yi ba," in ji shi. "Amma mutum ba rediyo ba ne."

Na ce na sani, Yaya.

Ya ce, "In ruwa ya sauko a ina zai kwana?"

Abin haushin, ba mugunta ce ta kawo shi ba. Idonsa ya yi ja da yana magana.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Wani da ya daɗe yana kawo masa ɗinki ya kawo yadi, don dai ya ƙarfafa masa gwiwa. Ya auna shi da kyau, har da ɗan barkwancinsu na da, wai tumbin ya ƙara yadi guda. Raina ya yi fari. Bayan mutumin ya tafi ya shimfiɗa yadin a tabarma, ya zana da alli, ya ɗauki almakashi. Ya yi rabin hannun riga sai ya tsaya. Ya ajiye almakashin, ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Ya ce ba zai ɓata wa mutum yadi ba, layin yana gudu.

Na kai wa wani telan a ɓoye.

Babbar 'yarmu ta tambaye ni ko za ta iya cewa ƙawayenta kar su riƙa biyo mata gida. Na ce to.

Laraba, 30 ga Afrilu

Sabon naɗi. Wannan karon na kulle kaina, na hana kowa magana da ni, ina ɗiga alama a takarda. Sun zo ɗaya, ko kusa da haka. Allura ta tsaya a tsakiya. Na tura sandar da bakin tsinke, ta tafi dama. Na dawo da ita, ta tafi hagu. Na shafa musu man farce na Babbar don kar su warware.

Na fito da gudu in gaya masa. Yana barci a zaune, ƙwayoyin nan. Bakinsa a buɗe kamar tsoho. Na koma.

Asabar, 3 ga Mayu

Sakit ɗin ya isa da ni. Duk abin da na haɗa, gurnanin wutar gida ke shiga ciki ya rufe komai. In na kawo hannuna kusa ma sai allura ta yi tsalle. Na cire shi daga wutar bango na sa batir, na murɗa wayoyin biyu-biyu kamar igiya, na saka allon a cikin gwangwanin biskit na rufe. Ya ragu. Na ƙona yatsa biyu da ƙarfen dalma.

Lilon na kafa shi a ɗakin ajiya, kan siminti. Sandar labule ce, da guntun ƙarfe mai nauyi da na samo wurin masu walda. Ya ƙi tsayawa, in ya fara kai da komo sai ya yi ta yi. Na maƙala masa wani ɗan faifai da ke nutse cikin kofin man inji, ya natsu. Na kifa masa kwali don iska.

Ɗakin ajiyar yanzu ba mai shiga. Buhun shinkafa ya koma ƙarƙashin gadonmu. Gadona, ya kamata in ce.

Talata, 6 ga Mayu

Ruwan farko, da yamma. Mai ƙarfi.

Na roƙe shi ya shigo ko baranda ce. Na riƙe hannunsa na ja, ya fizge. Ya tsaya a tsakiyar gida da lema, iska ta juye ta, ya yar. Haka ya tsaya, ruwa na dukansa, rigar ta manne masa, ƙasusuwan kafaɗarsa duk a waje. Yaushe ya rame haka? Yaran suna leƙe ta taga. Maƙwabciya ma, ta saman katanga.

Na fita na tsaya tare da shi, don ban san abin da zan yi ba. Ya ce, "Koma ciki, za ki yi mura." Ya ce, "Ki yi haƙuri da ni, Malama. Wallahi ina so in shiga."

Alhamis, 8 ga Mayu

Zazzaɓi. Na ɗaura masa tamfol tsakanin bishiya da igiyar shanya. Ya yarda da tamfol, ya ce ko ya faɗo ba ya kisa.

Yaya ya bugo waya. Ƙarshen wata, in ji shi.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ta yi aiki.

Na haɗa ta da tsohuwar kwamfutar da makaranta ta daina amfani da ita, layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin ajiya ina jira ya kwanta.

Bai kwanta ba.

Rawa yake yi, ƙanana-ƙanana, kamar ɗinkin ɗan koyo. Na ce ko dalma ce ba ta kama ba, na bi kowace mahaɗa. Na ɗaure lilon da zare ya daina motsi, layin ya miƙe sumul. Na kwance shi, rawa ta dawo. Ke nan ba sakit ba ne.

Tifa ta wuce a babban titi, layin ya yi tsalle tun kafin in ji ƙararta. Babbar ta taka daga kicin zuwa falo, na ga kowane takunta. Na matsa kusa da kwalin, nauyina kaɗai ya karkatar da simintin, layin ya haura sama. Rana ta bugi bangon ɗakin, ya fara gangarowa a hankali. Da komai ya lafa, ba mota, ba kowa, na ɗauke numfashi, har yanzu yana rawa.

Wata guda da kwanaki ina ƙona yatsuna don in gina abin da zai ce shi ke da gaskiya.

Litinin, 12 ga Mayu

Na nuna wa malamin fiziks. Murna ta kama shi, har yana kiran wasu malamai su zo su gani. Ya ce haka ake so, wannan ita ce shaidar na'urar tana da kunne. Ƙasa ba ta taɓa tsayawa cak, ko'ina a duniya, iska da motoci da igiyar teku mai nisa duk suna kaɗa ta. Amma ƙanƙanin abu ne, ba jikin da zai iya ji.

Na ce to in mutum ya ce yana ji fa?

Ya ce ba wannan yake ji ba.

Na ce ta yaya zan nuna masa layi yana rawa in ce ba wannan ba ne?

Ya sosa ƙeya. Ya ce yana da aji.

Laraba, 14 ga Mayu

Baban yara ya tambaye ni yau, shi da kansa. "Abin naki ya yi?" Na ce saura kaɗan.

Akwai wani ɗan maɓalli da nake murɗawa, mai ƙara wa sakit ɗin ji ko rage masa. Tun jiya nake kallonsa.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na murɗa shi har ƙasa. Layin ya kwanta kamar an ja shi da rula.

Bayan azahar na jawo doguwar waya, na kai kwamfutar tsakar gida, na ajiye a kan kujera a gabansa. Na yi masa bayani, koyil uku, sanda, lilo. Ya saurara da kyau, har ya tambayi yadda na yi wayar ta daina tsinkewa. Na ce, "To kalli. Wannan ita ce ƙasar gidanmu, yanzu haka."

Ya daɗe yana kallo. Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka, wallahi na gani. Ya ce, "Yanzu haka?" Na ce yanzu haka. Ya sa hannu a ƙasa, ya dubi layin, ya sake duban hannunsa.

Sai ya tashi. Akwai wani bulo da muke tokare ƙofar bayi da shi. Ya ɗauko, ya je jikin bangon ɗakin ajiya ta waje, ya ɗaga shi har ƙirji ya saki. Ni kaina na ji a tafin ƙafata. Ya dawo ya duba.

Layi a kwance. Ko gezau.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi min. Ya ce, "Abin naki kurma ne." Ya dube ni. "Ko kurmantar da shi aka yi?"



Ya ce, "Har ke, Malama."

Ya mayar da bulon inda yake, ya gyara masa zama da ƙafa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na ba shi haƙuri. Na ce zan mayar da maɓallin ya ga na gaskiyar, in yi masa bayanin komai. Ya ce ba sai na wahalar da kaina ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ya daina cewa tana yi. In na tambaya sai ya ce lafiya lau. Hannunsa kuma yana ƙarƙashin mayafi, a ƙasa, ina gani. A da ni kaɗai yake yi wa magana a duk duniya, yanzu ya mayar da ni cikin masu zuwa dubiya.

Yana cin abinci, yana shan ƙwaya, yana gode min kamar baƙo.

Asabar, 31 ga Mayu

Yaya ya zo da mota tun da safe.

Ni na haɗa masa kaya, tunda duk suna ciki. Na riƙa fitowa da riguna ina ɗagawa, yana cewa e ko a'a daga ƙarƙashin tamfol. Rigunan da ya ɗinka da hannunsa, duk sun yi masa yawa. Na ce almakashi fa, da tef? Ya ce a bar su.

Auta ta riƙe ƙafarsa ta ƙi saki, sai da Babbar ta ɓamɓare ta. Ya ce musu su yi karatu, su ji maganata. Ni kuma ya ce, "Sai Allah ya yi." Ya zauna a gaba, ya sauke gilashi har ƙasa, hannunsa a kan mabuɗin ƙofa.

Yaya ya ce da an yi hutu in kawo yara. Ya ce Inna ta gaishe ni, ta ce na yi ƙoƙari. Kalmar nan, ƙoƙari. Ita ake faɗa wa ɗalibin da ya faɗi.

Na kwance tamfol da rana. Inda tabarmarsa take ƙasar ta yi santsi, ta fi sauran wurin haske.

Talata, 3 ga Yuni

Na so in kwashe na'urar in mayar da buhun shinkafa wurinsa. Na shiga da niyyar haka. Sai na murɗa maɓallin ya koma inda ya kamata, na fito na ja ƙofa.

Ba don komai ba. Batirin bai ƙare ba, shi ke nan.

Lahadi, 8 ga Yuni

Baban yara yana bugowa da wayar Yaya ko ta matar Yaya. Ya yara, ya makaranta, an yi ruwa? Nan ma an yi. Shi ke nan. A rumfa yake kwana, Inna ta ce wani lokaci yana fita daga ita ma.

Makaranta, kasuwa, kicin, wanki. In na dawo nakan duba abin da layin ya yi da ba na nan. Na fara gane su. Wannan injin niƙa ne na ƙarshen layi. Wannan motar ruwa ce. Wannan yara ne sun dawo.

Ba wanda zan nuna wa.

Laraba, 11 ga Yuni

Na dawo na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Wajen azahar layin ya bar ƙananan rawarsa ya shiga wani lilo mai faɗi, a hankali, sama da ƙasa, sama da ƙasa, ya daɗe yana yi kafin ya lafa. Ba mota ba ce, mota ba ta daɗewa haka. Na aika wa malamin fiziks hoto. Ya bugo yana haki, ya ce in kunna labarai. An yi babbar girgiza a wata ƙasa can bayan teku. Ita ce ta ratso ta ƙarƙashinmu, ta ƙarƙashin garin su Inna ma, ta ƙarƙashin kowa.

Bututun biro da sandar labule.

Na kira matar Yaya, na yi ta zagaye-zagaye kafin na tambaya, wai ya ya wuni, da azahar yana ina. Ta ce ai yau ya samu barci mai kyau, tun kafin azahar har la'asar yana kwance a rumfa, ko juyi bai yi ba.

To ga shi. Abin da na nema tun farko, ya zo da ƙafarsa. Ranar da ƙasa ta motsa da gaske barci yake yi. Ba ƙasa yake ji ba, kuma yanzu ina da hoto. Ba ƙarya a ciki, ba maɓalli.

Gobe zan gaya masa. Na tsara yadda zan fara.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ban kira ba. Aiki ya yi yawa.

Asabar, 14 ga Yuni

Shi ya kira, da hantsi, ina tsinke ganye a baranda. Yara, makaranta, ruwa. Na ɗauka zai ce sai an jima. Amma bai kashe ba, ina jin kaji a bayansa.

Ya ce, "Jiya bayan la'asar ta yi sosai."

Rabon da ya faɗa min tun ranar bulo.

Kwamfutar tana kan tebur, daga inda nake ina hango ta. Na riga na duba jiya, na san abin da ke wurin bayan la'asar: injin niƙa da motar ruwa. Hoton ranar Laraba kuma yana cikin wayar da ke kunnena.

Na ce, "Sannu, Malam. Ta daɗe?"

Ya ce ta ɗan daɗe.

Na ce, "Kai kaɗai ne a wurin?"

Ya ce e. Ya ce a irin lokacin ne Mai-surfani ya daina amsa masa. Ya ce yana ta ba shi labarin wata riga da suka taɓa ɓatawa suna samari, don ya sa shi dariya, bai san tun yaushe yake magana shi kaɗai ba. Bai taɓa gaya min wannan ba. Ya yi ta magana, ni dai ina cewa uhm. Har matar Yaya ta zo karɓar wayarta.

Ban san me ya sa ban faɗa masa ba. Wataƙila wani satin. Hoton ba inda za shi.

Ganyen ya yi yaushi a faranti, sai na sake sayo wani. Ya ce zai kira gobe bayan la'asar. Na ce ina gida.